Foligon Daidaitacce da Mara Daidaito: Abin da Tef Kaɗai Ba Ya Faɗa Maka

Ga wata tambaya da nake so kowa ya amsa a ransa kafin ya ci gaba da karatu. Allon da ke gaban ajinku, da ƙyauren ɗakinku na hostel, da takardar naira ɗari biyar da ke aljihunka, a lissafi siffarsu daidaitacciya ce ko mara daidaito? Na sha jefa wa abokai wannan tambaya, har da 'yan injiniya, kuma mafi yawansu ba sa ma tsayawa tunani, sai ka ji sun ce, "Daidaitacciya mana, ai ba ta karkace ba." To amsar ita ce a'a. Duk ukun nan rektangul ne, shi kuwa rektangul, duk tsaftarsa da kyan ganinsa, yana sahun marasa daidaito.

Shi foligon kalma ce da ta samo asali daga Girkanci, ma'anarta "mai kusurwa da yawa". Siffa ce shimfiɗaɗɗiya, wadda miƙaƙƙun layuka suka kewaye ta ruf, ba ƙofa ko ɗaya. Da'ira ba ta ciki, domin layinta lanƙwasasshe ne. Harafin V ma ba ya ciki, domin bakinsa a buɗe yake. Mafi ƙanƙantar foligon ita ce alwatika mai gefe uku, daga nan sai mai gefe huɗu, mai biyar, mai shida, har iya inda mutum ya ga dama.

A ganina, rabin ruɗanin daga kalmar da aka koya mana ne a Turanci, wato "regula". Mu a nan ɗan regula shi ne wanda ke zuwa aji kullum da safe, saɓanin ɗan fat-tayim, don haka kunnenmu na jin kalmar da ma'anar abin da aka saba da shi. Wace siffa ce kuwa aka saba da ita fiye da rektangul? Amma masu lissafi ba sabo suke nufi ba, ƙa'ida suke nufi, kuma ƙa'idar sharaɗi biyu gare ta: dukkan gefuna tsawonsu ɗaya, sannan dukkan kusurwoyi girmansu ɗaya. Kamar neman admishan ne a kwas ɗin da sai da kiredit a Turanci da kuma a Lissafi. Ka zo da A1 a ɗaya da F9 a ɗayan, ba wanda zai saurare ka.

Rektangul ya ci sharaɗin kusurwa, duka huɗun digiri 90 ne, amma ya faɗi a gefe, tunda tsawonsa ya fi faɗinsa. Akwai kuma ɗan'uwansa da ya ci a gefe ya faɗi a kusurwa, shi ne rombus. Wanda duk ya taɓa canza tayar ƙaramar mota ya san shi, ko da bai san sunansa ba: jak ɗin nan mai ƙarfe huɗu da ake murɗawa. Tsawon ƙarafan bai taɓa canzawa ba, amma kana murɗawa siffar tana tashi, kana sassautawa tana kwanciya har ta kusa lafewa da ƙasa. Haka ma ƙofar ƙarfe mai naɗewa ta bakin shaguna. A cikin dangin masu gefe huɗu kaf, sukwaya kaɗai ce ta cika sharaɗi biyun.

Alwatika ita ce kaɗai 'yar gata. Idan gefenta uku suka zo daidai, kusurwoyinta ba su da zaɓi, dole kowace ta zama digiri 60. Haka kuma idan kusurwoyin ne suka zo daidai, dole gefunan su bi. Dalili shi ne, da zarar ka haɗa sanduna uku baki da baki, siffa ɗaya tak za su iya yi, ba ta motsi. Shi ya sa mai walda idan ya haɗa get sai ya gitta masa ƙarfe daga kwana zuwa kwana, shi ya sa katakon rufi da ƙarfen sabis duk alwatika ce a jere. Matsalar ita ce ɗalibi ya saba da wannan hali na alwatika tun daga firamare, sai ya ɗauka ko'ina haka abin yake. Daga gefe huɗu zuwa sama kuwa, sharaɗi ɗaya ba ya jawo ɗayan.

Bari in kawo misalin da ke faruwa a shagon kafinta. An ba shi katako sukwaya, santimita 100 kowane gefe, an ce ya yi teburi mai gefe takwas. Abin da hankali ke fara ba mutum shi ne ya raba kowane gefe gida uku, ya yanke kwanonin huɗu. Idan ya yi haka, kusurwoyi takwas ɗin duk za su zo daidai, digiri 135 kowace. Amma ɗauko tef ka auna: gefe huɗu za su ba ka 33.3, huɗun da zarto ya bi kuma 47.1, domin yankan da ya bi ta karkace ya fi tsawo. Teburin zai yi amfani, sai dai ido zai riƙa jin akwai wani abu. Wanda ya san aikin zai auna 29.3 ne daga kowace kwana, sai gefe takwas ɗin duk su fito 41.4. Bambancin santimita huɗu a wurin sa alama, shi ne tsakanin daidaitacce da mara daidaito.

Yanzu ga abin da ya haɗa su duka, wanda kuma a nan ake zubar da maki a jarrabawa. Ka tsaya a kwana ɗaya ta foligon, ka ja layi zuwa sauran kwanonin da ba maƙwabtanka ba. Mai gefe huɗu zai rabu alwatika biyu, mai biyar alwatika uku, mai shida alwatika huɗu. Kullum adadin alwatika shi ne adadin gefe a cire biyu. Tunda kowace alwatika jimillar kusurwoyinta 180 ne, jimillar kusurwoyin cikin foligon ita ce (n − 2) × 180. Wannan doka ba ruwanta da daidaito. Mai gefe biyar, ko kyakkyawa ne kamar ginin Fentagon na ma'aikatar tsaron Amurka, ko kuwa wata gona ce da ta karkace ta ko'ina, jimillarsa 540 ce.

Abin da daidaitacce ya keɓanta da shi shi ne rabawa. Tunda kusurwoyinsa duk ɗaya ne, kana iya raba jimillar da adadinsu ka sami kowace: 108 ga mai biyar, 120 ga mai shida, 135 ga mai takwas. Mara daidaito ba a yi masa haka. Idan aka ce maka kusurwoyi huɗu na wani mai gefe biyar su ne 100, 110, 95 da 120, aka ce nemo ta biyar, to haɗa su za ka yi su ba ka 425, ka cire daga 540, amsa 115. Wanda ya ga "gefe biyar" ya yi wuf ya rubuta 108 saboda hadda, ya yi wa malami kyautar maki. Kusurwoyin waje ma haka suke: muddin siffar ba ta da lungun da ya shige ciki, jimillarsu 360 ce, amma sai a daidaitacce ne za ka ce kowace 360 ÷ n ce. Shi ya sa idan aka ce kusurwar wajen wani daidaitacce digiri 24 ce, nan take ka san gefensa 15.

'Yan safiyo sun fi kowa cin moriyar wannan jimilla, kuma filayen da suke aunawa kusan duk marasa daidaito ne. Idan suka zagaya fili mai tasha shida da na'ura suka dawo inda suka fara, sun san tun kafin su fita cewa kusurwoyin ciki dole su haɗu su ba da 720. Idan 'yan daƙiƙoƙi ne suka yi sama ko ƙasa, sai a raba kuskuren a kan tashoshin. Idan kuwa 718 aka samu, to ba wata dabara, sai a sake ɗaukar kaya a koma cikin rana.

To mene ne abin so a daidaitacce har aka ware masa suna? Amsar a taƙaice ita ce, awo ɗaya ya ishe ka. Ka gaya mini gefensa nawa ne, ka gaya mini tsawon gefe ɗaya, na san komai nasa ba tare da na gan shi ba. Yana da cibiya guda wadda tazararta da kowace kwana ɗaya ce, don haka da'ira ɗaya za ta bi ta kan dukkan kwanoninsa, wata kuma ta zauna a cikinsa tana taɓa tsakiyar kowane gefe. Ana iya ninke shi biyu ya haɗu cif ta hanyoyi daidai da adadin gefensa: sukwaya ta hanya huɗu, alhali rektangul biyu kawai yake da su. Girman filinsa kuma shi ne rabin kewayensa sau tazarar cibiya zuwa tsakiyar gefe. Mai gefe shida da kowane gefe santimita 10, kewayensa 60, tazarar 8.66, filinsa kusan murabba'in santimita 260. Shi ke nan, an gama.

'Yan makanikal na riƙe da wannan a hannu kullum. Noti mai gefe shida ne daidaitacce, kuma lambar da ke jikin sufana, 10 ko 13 ko 17, ita ce tazarar da ke tsakanin gefe biyu masu fuskantar juna a milimita. Saboda daidaito, tazarar nan ɗaya ce ta fuska uku, kuma duk juyin digiri 60 notin na sake nuna maka fuskar da ka bari. Da mai gefe huɗu ne, sai ka juya 90 kafin sufana ta sake kamawa, a lungun injin kuwa wa zai ba ka wannan sararin? Idan aka ƙara gefuna suka yi yawa kuma, sai ya kusa zama da'ira, sufana ta riƙa zamewa. Idan bakanike ya ce maka "notin nan ya cinye", abin da yake faɗa da yaren lissafi shi ne ya fita daga daidaito. Wani abin sha'awa kuma, mai gefe biyar daidaitacce ba shi da gefe biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, don haka sufanar gama-gari ba ta kama shi da kyau. Da gangan ake sa irin wannan kai a yawancin famfunan kashe gobara na bakin titi a Amurka, don kada kowa ya zo ya buɗe.

Wajen zane ma mai gefe shida ba shi da wahala. Ka yi da'ira da kamfas, kada ka taɓa buɗinsa, ka riƙa taka shi a kan layin da'irar, sau shida zai dawo da kai inda ka fara. Yuklid, wanda ya rayu a Iskandariyya kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya nuna yadda ake zana masu gefe 3, 4, 5, 6 da 15 da rula da kamfas kaɗai. Daga nan aka yi kusan shekara dubu biyu ba a sami wani sabon iri ba, sai a 1796 da Gauss, wani matashi Bajamushe da bai cika shekara 19 ba, ya tabbatar cewa mai gefe 17 ma yana zanuwa. Mai gefe bakwai kuwa, a 1837 Pierre Wantzel ya kammala hujjar cewa ba zai taɓa zanuwa cif da waɗannan kayan biyu ba. Masu sana'a ba su zauna jiran wannan hukunci ba. Tun da daɗewa suna da dabarar kusantawa: ka zana alwatika daidaitacciya a cikin da'irar, ka ɗauki rabin gefenta, ka taka shi sau bakwai. A da'irar da ke da mita ɗaya daga cibiya zuwa baki, kuskuren kowane gefe bai kai milimita biyu ba. Irin wannan haɗuwa ta lissafi da aikin hannu ba sabuwa ba ce. A ƙarni na 10 Abul Wafa al-Buzjani ya rubuta littafi guda a Bagadaza kan abin da masu sana'a ke buƙata na zanen siffofi. Da yana nan yau, ina jin a foli zai nemi koyarwa.

Kada dai wani ya ɗauka "mara daidaito" zagi ne. Tambayi mai sa tayil. Idan kana so ka shimfiɗe daɓe da siffa iri ɗaya ba giɓi ba hawa kan juna, dole kusurwoyin da suka haɗu a wuri ɗaya su ba da 360 cif. A cikin daidaitattu kaf, uku ne kawai ke iya wannan: alwatika, shida sau 60, sukwaya, huɗu sau 90, mai gefe shida, uku sau 120. Mai gefe biyar, uku sun ba da 324, saura 36 a buɗe, na huɗu kuma ba wurinsa. Mai gefe takwas sai an yi masa ciko da ƙaramar sukwaya, 135 da 135 da 90, irin tayil ɗin da ake gani a wasu tsofaffin gidaje. Amma a ɓangaren marasa daidaito, kowace alwatika, kome karkacewarta, tana shimfiɗe daɓe. Kowane mai gefe huɗu ma haka, tunda kusurwoyinsa huɗu dama 360 suke bayarwa. Masu gefe biyar da ke iya aikin, waɗanda ba su da lungun da ya shige ciki, iri 15 aka sani, duka marasa daidaito. Huɗu daga ciki wata matar aure ce a Amurka, Marjorie Rice, ta gano su a shekarun 1970, ita da lissafinta na makaranta bai wuce na sakandare ba. Na 15 kuwa sai a 2015 aka same shi da taimakon kwamfuta.

Inda daidaitacce ya yi zarra ba gardama shi ne wajen kame fili. A ce kana da bulon da zai yi katanga mai tsawon ƙafa 200. Ka yi rektangul 80 da 20, ka kewaye murabba'in ƙafa 1,600. Ka yi 60 da 40, ka sami 2,400. Ka yi sukwaya 50 da 50, ka sami 2,500, kuma babu wani mai gefe huɗu da zai wuce haka da wannan katanga. Mai gefe shida daidaitacce zai ba ka kusan 2,887, da'ira kuma kusan 3,183. Bulo ɗaya, kuɗi ɗaya, fili daban-daban. Wani Bagirke mai suna Zenodorus ya tabbatar tun kafin zamanin Annabi Isa (AS) cewa a cikin siffofi masu kewaye ɗaya da adadin gefe ɗaya, daidaitaccen ne mafi girman fili. Saƙar zuma ta haɗa abu biyun nan: tana buƙatar siffar da ke jeruwa ba giɓi, kuma mai cin kaki kaɗan. Pappus na Iskandariyya ya yi magana a kai tun ƙarni na 4, amma cikakkiyar hujjar cewa babu tsarin da ya fi mai gefe shida tattalin bango sai a 1999 Thomas Hales ya kawo ta.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya sa na ga ya kamata a yi wannan bayani a mujallar da kowane sashe ke karantawa, wato maganar fili. Ko kana karanta akanta ne ko aikin jarida, wata rana za ka tsaya a bakin fuloti ko gonar gado, ana jan tef a gabanka. Abin da aka fi yi kuwa shi ne a auna gefe huɗu a tsaya nan.

Ɗauki fili da aka ce maka ƙafa 50 ne kowane gefe. Ka ja tef da hannunka, ka ga hamsin, hamsin, hamsin, hamsin. Hankalinka ya kwanta cewa murabba'in ƙafa 2,500 ka saya. Ka tuna jak ɗin mota? Idan kwanar filin digiri 70 ce maimakon 90, girmansa kusan 2,350 ne. Idan 60 ce, 2,165. Tef bai yi ƙarya ba, dillali ma yana iya rantsuwa bai yi ba, amma ɗaki guda ya tafi. Kuma ba a nan asarar ta tsaya ba, domin ɗakunan da za ka gina masu kwana 90 ne, sai ka bar tsinin fili a gaba da baya wanda ba ya ɗaukar komai sai tarkace. Abin da zai tona asirin awo biyu ne kacal: daga kwana zuwa kwanar da ke fuskantarta, wato dayagonal, ta ɓangare biyu. A sukwaya ta gaskiya duka biyun 70.7 za su ba ka. A mai kwana 70 ɗin nan, ɗaya 57.4 ne, ɗayan 81.9. Birkilan da ya san aikinsa ba ya zuba kankaren fandisho sai ya ja wannan igiya biyu, bayan ya fitar da kwanarsa da awon 3, 4, 5.

Idan gefunan ba su zo daidai ba, akwai wata dabara da ta yaɗu: a haɗa gefe biyu masu fuskantar juna a raba biyu, a yi wa sauran biyun haka, sai a ninka. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai, har a rubutun da ke jikin bangon wani tsohon wurin bauta a Edfu ta ƙasar Masar an same ta, sama da shekara dubu biyu ke nan. Aibinta shi ne, in ba a rektangul na gaskiya ba, kullum ƙari take yi, ba ta taɓa ragewa. Wato kullum mai sayarwa take yi wa aiki.

Mu gwada da gona mai gefe huɗu, a zagaye: mita 30, 40, 41, 39. Dabarar Edfu za ta ce 35.5 sau 39.5, wato kusan murabba'in mita 1,402. Hanyar gaskiya ita ce a auna dayagonal ɗin da ya raba gonar alwatika biyu, ɗaya mai gefen 30 da 40, ɗayar mai gefen 41 da 39. A ce ya ba da mita 50. Akwai ƙa'idar da ake jingina wa Heron na Iskandariyya, mai fitar da girman alwatika daga gefenta uku kawai: ka haɗa gefunan ka raba biyu, ka cire kowane gefe daga wannan rabin, ka ninka rabin da sakamakon ukun, ka ɗauki tushen murabba'i. Alwatika ta farko, 30, 40, 50: rabin kewaye 60, sai 60 × 30 × 20 × 10 = 360,000, tushensa 600. Ta biyu, 50, 41, 39: rabin kewaye 65, sai 65 × 15 × 24 × 26 = 608,400, tushensa 780. Jimilla 1,380. Bambanci 22 ne kawai, domin wannan gonar ba ta yi nisa da rektangul ba, kuma wannan ne ya sa dabarar ta daɗe ba a kore ta ba: a fili mai ɗan dama-dama tana kusantar gaskiya.

Yanzu bar gefunan nan huɗu yadda suke, kada ka taɓa ko ɗaya, amma a ce dayagonal ɗin mita 65 ya bayar. Alwatika ta farko ta koma kusan 417, ta biyu kusan 758, jimilla kusan 1,175. Dabarar Edfu kuwa tana nan a kan bakanta, 1,402, tunda ita gefe kawai take gani. Giɓin ya kai murabba'in mita 227. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kusan murabba'in mita 465 ne, ka ga kusan rabin fuloti ke nan ya ɓace tsakanin takarda da ƙasa. Kowa ya lissafa da farashin unguwarsu.

A rabon gado abin ya fi ciwo, domin a nan babu mai niyyar cuta, kuma 'yan'uwa ne. A auna gaban gona ta bakin hanya a raba daidai, kowa ya ja layinsa zuwa baya, alhali bayan gonar ya tsuke ta gefe ɗaya ya buɗe ta ɗayan. Ko kuma a zagaya gona biyu da ƙafa, a ga taki ɗaya suka ci, a ce girmansu ɗaya. Wannan ruɗu na auna girma da kewaye ya daɗe yana kama mutane. Masanin tarihin nan na Girka, Polybius, ya rubuta cewa mutane na mamaki idan aka ce musu birnin Sparta ya ninka Megalopolis girma, alhali kewayen Megalopolis ya ɗan fi na Sparta tsawo.

Wani zai ce ai yanzu akwai waya, sai a zagaya da GPS. Ga gona mai hekta da yawa, wannan na ba da kimantawa mai amfani, misali don sanin buhun taki nawa za a saya. Amma GPS ɗin waya na iya kaucewa da 'yan mitoci a kowace kwana, fulotin da faɗinsa gaba ɗaya mita 15 ne kuwa ba ya jure wannan. Filin da za a biya kuɗi mai nauyi a kansa, aikin ɗan safiyo mai rajista ne, ya kafa bikon, ya fitar da lambobin kowace kwana, ya lissafa girman daga gare su. Amma kafin a kai nan, ranar da aka fara zuwa gani, tef da biro da bayan ambulan sun isa su gaya maka ko maganar dillali ta kama hanya.

Awo nawa ake buƙata? Daidaitacce, ɗaya. Rektangul da aka tabbatar da kwanoninsa, biyu. Mara daidaito kuwa, sai dukkan gefunansa, da dayagonal ɗin da za su yanka shi alwatika-alwatika, adadinsu shi ne adadin gefe a cire uku. Mai gefe huɗu, awo biyar ke nan. Mai gefe biyar, gefe biyar da dayagonal biyu, awo bakwai, alwatika uku. Gona mai gefe shida, awo tara, alwatika huɗu. Idan filin na da lungun da ya shige ciki, kamar wanda maƙwabci ya ci masa kwana ya koma siffar harafin L, a kula kada igiyar dayagonal ta bi ta cikin filin maƙwabcin. A fara jan ta daga kwanar da ta shige cikin, daga nan ake ganin sauran kwanonin duka. Idan kuma aka zo rubuta takardar ciniki, a sa tsawon dayagonal ɗin tare da na gefunan, a yi ɗan zane a nuna daga wace kwana zuwa wace aka ja shi, shaidu su sa hannu a ƙarƙashin zanen.